Kan Sufana Mai Ɗigo Uku

Burodi biyu da matsattsiyar gwaba. Gahawa a tsohuwar kwalbar magani. Kwalbar giyar rake, ta gaisuwa. Jan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu biyu ba, naɗe cikin tawul.

Abin da Eulalio, wanda ake kira Lalo, ya ɗauko ke nan daga Santa Clara. Yana tsaye a bayan babbar motar da ke jigilar mutane zuwa Sagua, hannu ɗaya a kan ƙarfen rufi, ɗayan ya danne akwatin a ƙirji. Duk ramin da suka faɗa, sai abin da ke ciki ya yi ƙara.

"Bawan Allah," in ji wata mata mai riƙe da kaza, "jariri ne ko haƙoran kakarka?"

"Kayan aikin babana ne."

"To, ka gaishe su."

Ƙananan kawunan sufana ne, irin waɗanda ake ɗanawa a bakin mariƙi mai ƙas-ƙas a kwance noti da su. Bartolo, mahaifinsa, ya saye su tun ana sauke sababbin motocin Amurka a tashar jirgin ruwa ta Havana. Kawuna goma, kowane da gurbinsa. Kamar kowane bakanike a garin, Bartolo yana da alamarsa: ɗigo uku da yake bugawa da tsinin ƙarfe a gindin kowane kai, don kayan aro su san hanyar gida. Bai taɓa hana kowa aro ba. Bartolo ya mutu lokacin da Eulalio yake karatu a Jamus ta Gabas, kuma da yaron ya dawo, kai uku ya tarar a akwatin.

Tun daga nan yake nemansu, har gashinsa ya yi fari. Masu tara tsofaffin kayan aiki da ke haɗuwa a bayan kasuwa sun sha yi masa tayin irinsu, masu ƙyalli, marasa tabo. Bai karɓa ba. Mai ɗigo uku yake nema. Ya samo ɗaya a Remedios, ɗaya wurin wata gwauruwa tana danne labule da shi. Kusan kowace Lahadi Neyo ne ke kai shi nema a motarsa ƙirar Lada. Neyo, wanda suka tashi tare a garejin Bartolo, wanda ya riƙe 'yar Eulalio ranar baftisma a coci, ya zama ubanta na biyu. Ɗaya bayan ɗaya guraben suka cika, yanzu gurbi ɗaya ya rage: na kai mai girman biyar bisa sha shida na inci.

Eulalio ya taɓa cewa su je Sagua wurin Saturnino, tsohon abokin Bartolo. Neyo ya ce ai tsohon ya daɗe da mutuwa, har ya ga wanda ya je jana'izar. Sai a makon nan wani direba ya ce ya sha gahawa da Saturnino. Da Eulalio ya gaya wa Neyo, sai Ladar ta lalace.

Da ya isa Sagua, ya tarar da tsohon a ƙofar gida, kan kujera mai lilo, babu riga.

"Baba Saturnino? Ni ne ɗan Bartolo. An ce mini ka mutu."

"Wa ya ce? Ni dai ba a sanar da ni ba. Zauna. Me ke cikin kwalbar can?"

Suka kurɓa. Eulalio ya kwance tawul ya buɗe akwatin a kan gwiwarsa. Tsohon ya ɗauki kai ɗaya, bai ko duba ba, ya shafa gindinsa da babban yatsa.

"Ɗigo uku. Ja'irin ubanka. Ko cokali ka ba shi sai ya buga masa." Yatsan ya tsaya a kan gurbin da babu kome. "Ina wannan?"

"Shi ya kawo ni."

"Ai na mayar. Ni na ara, ban musa ba. Ranar da aka binne Bartolo na zo da shi a aljihu, don ba na riƙe kayan mamaci. Kai kana can wurin Jamusawa kana cin dankali. Na ba wa dogon yaron nan mai kunnuwa, wanda ya ɗauki gaban akwatin gawa. Na ce ya ajiye maka."

"Neyo."

"Shi. Bai ba ka ba?"

Eulalio ya rufe akwatin. Tsohon ya dube shi, ya dubi kwalbar.

Da la'asar Eulalio ya sauka a Santa Clara, bai biya gida ba. Ƙofar kwanon garejin Neyo a buɗe take. Ladar da aka ce ta lalace tana waje, injinta da ɗumi. Neyo yana ciki, rabin jikinsa a cikin injin wata motar, rediyo yana ta kiɗa.

"Mutumina! Ka dawo daga lahira? Yaya mutanen can?"

"Suna gaishe ka."

"Miƙo mini doguwar nan, ka ga hannuna a maƙale."

Eulalio ya san doguwar. Sandar ƙarfe ce mai tsawon kamu ɗaya, an yi mata waldar mariƙi a sama, da wani baƙin kai a ƙasa. Tana rataye a ƙusa ɗaya tun da ya san garejin. Shi kansa ya miƙa wa Neyo ita ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Yau ya juya ta. An wasa gefen kan har ya yi siriri, don ya shiga lungun da ke ƙarƙashin kafireto. Ya tofa yawu, ya murza gindin da yatsa. Baƙin mai ya tashi. Ɗigo biyu. Na ukun walda ta cinye shi.

"Ka kawo mana," in ji Neyo daga cikin injin. Da ya ji shiru sai ya ɗago. Ya ga yatsan Eulalio. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Tsaya ka ji."

"Ina ji."

"Ka san biyar bisa sha shida yana kama noti mai lamba takwas kamar don shi aka yi. A shekarun can babu kome a ƙasar nan, kai ba ka gani ba. Ko ƙusa sai an miƙe tsohuwa. Motar asibiti aka kawo mini, babu abin da zai shiga lungun. Na ce in wasa shi kaɗan. Sai ya riƙa zamewa, na yi masa walda. Lalo, wallahi ban san za ka dawo ka mayar da akwatin nan coci ba."

"Da babana ne, shi ma da ya wasa shi."

"Ka gani! Ka gani! To mene ne abin ɓata rai? Ƙarfe ne fa."

"A Remedios," in ji Eulalio, "ka riƙe mini fitila ina tona bokitin tsatsa."

"Na ji kunya ne."

"A Camajuaní kare ya cije ni, kai ka kai ni allura. Muna dawowa ka ce kada in karaya, za mu same shi."

"Kowace shekara faɗin yana ƙara nauyi, mutumina. Me zan ce? Ga shi can a ƙusa?"

"Haka za ka ce. Sai ka kashe mutum yana zaune a ƙofar gidansa."

Neyo ya goge hannu a wando. Ya yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Ai tsohon ya kusa. Na riga shi ne kawai." Babu wanda ya taya shi. Ya jawo zarton ƙarfe daga kan benci. "Kawo. Yanzu zan yanke shi, in goge waldar, in buga maka na ukun da hannuna. Babu wanda zai gane. Ko mutanenka na bayan kasuwa."

Eulalio ya dubi zarton. Ya dubi mutumin da ya ci abincin gidansa tun suna da gashi. Ya ɗaga doguwar ya mayar da ita kan ƙusarta, ya gyara mata zama.

"Bar ta. Tana aiki."

"Lalo. Haba, Lalo. Don 'yarmu fa."

Ya fita. Ya kama ƙofar kwanon da hannu ɗaya ya ja, ta bi dogonta da ƙara har ta bugi bango, Neyo yana ciki da zarto a hannu. Eulalio ya matso da bakinsa kusa da kwanon, bai ɗaga murya ba.

"Na daina nema. Kai ma kada ka sake nemana."