Wutar Daji a Hanyar Ruga

Gaolathe bai taɓa mallakar mota ba sai da ya bar aikin haƙar ma'adinai. A-kori-kura ce fara mai shan gas, ta kwana biyu a duniya amma jikinta garau. Wanda ya sayar masa a garin Letlhakane ya haɗa masa da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ya ce in fitilar inji ta kama a soka ta ƙarƙashin sitiyari, za ta aiko wa waya lambar abin da ke damun motar. Murna ba ta bar shi ya tambayi abin da ya sa mai lafiyayyar mota yake ajiye irin wannan ba.

Doguwar tafiyarta ta farko zuwa rugar shanunsu ce, shi da yayarsa Seipone, ga buhunan gishirin lasa da durom na ruwa a baya. Rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe ƙayau har ƙugu, hanyar kuwa sawun taya ne kawai cikin yashi.

Seipone ce ta fara hango hayaƙin a bayansu.

"Gaolathe, dajin nan ya kama da wuta."

Ya duba madubi. Hayaƙin ya tokare sama, iska kuma wajensu take kaɗawa. Ya ce, "Yana da nisa, Yaya," amma ya danna totur har ƙasa.

Nan take wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Motar ta yi sanyi kamar an riƙo ta ta baya, ta ja jiki kaɗan, ta mutu.

Ya laluba ya soka na'urar. Waya ta nuna P0087, da bayanin cewa mai ba ya isa inji da ƙarfin da ya kamata.

"Me ta ce?" in ji Seipone.

"Wai mai ba ya zuwa."

"Ba a gabana ka cika tanki ba?"

Ya nemi bakanikensa a waya, babu sabis. Ya goge lambar, ya murza makulli, motar ta tashi kamar ba ita ba. Ya sake take ta iya ƙarfinsa. Ba su yi nisa ba fitilar ta dawo, injin ya shaƙe.

Ya fita ya ɗaga bonet. Bai san me yake nema ba. Ya taɓa tiyon mai, ya jijjiga wayoyi, komai yana inda yake. Toka ta fara sauka a kan hannunsa, baƙa, da ɗuminta. Wasu jiminu suka ƙetare hanya a guje, ko kallon motar ba su yi ba. Sai a lokacin ya ji ƙarar wutar, can ƙasa-ƙasa, kamar ana yayyaga tabarma.

"Mu bar ta mu gudu," ya ce.

Seipone ta dubi gwiwarta mai ciwo, ta dube shi. "Kai ka gudu. Ni ina zan kai?" Ta damƙe mayafinta da hannu biyu. Ta nuna hagu da haɓa. "Akwai fakon gishirin nan da Baba yake bi da shanu. Ko tsinke ba ya tsira a kansa. In ka kai mu can, mun sha."

Ya koma mazauninsa, ya dafe sitiyari, ya tilasta wa kansa tunani. Tun safe suna tafe a hankali, fitila ba ta kama ba. Sau biyun da ta kama, ya take totur ne har ƙasa. Ke nan mai yana zuwa, kaɗan-kaɗan ne; wani abu ya tare masa hanya.

Ya miƙa mata wayar. "Yaya, in ta kama, danna nan ki goge."

Ya tayar da motar, ya sa giya ta biyu, ya saki hanya ya kutsa cikin ciyawa. Tafiyar ba ta fi sassarfar jaki ba. Ƙafarsa tana kan totur, duk jikinsa yana ce masa ya danna, shi kuma yana hana ta. A madubi rana ta koma ja, ƙarƙashin hayaƙin ga harshen wuta yana tsalle daga kurmi zuwa kurmi.

"Daina kallon baya," in ji Seipone.

Suka tarar da tudun yashi. Dole ya ƙara mai, fitilar ta kama, motar ta mutu a tsakiyar hawa. Hayaƙi ya cika gidan gaba. Seipone tana tari tana danna waya, yatsanta yana zamewa saboda gumi. Gaolathe ya ji zafi a ƙeyarsa ta gilashin baya.

"Ta goge. Tayar."

Ta tashi. Ya lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai, tayoyi suna haƙa suna kamawa, har suka haye. Daga nan gangara ce, sai ga fakon fari fat a gabansu. Bai tsaya ba sai da suka yi nisa a cikinsa.

Wutar ta iso bakin fakon, ta rabu biyu ta kewaye su. Suna zaune suna kallon inda suka fito yana ci da wuta. Da Gaolathe ya buɗe ƙofa ya sauka, sai ya zauna daɓas a kan gishiri.

Sai da ƙasa ta huce ya kwance filtar mai. Cike take da baƙar laka da ruwa. Ya zubar, ya ɗauraye ta da gas, ya mayar. Suka bi ta cikin ƙonannen daji a hankali, kututture na hayaƙi dama da hagu.

A ruga suka tarar makiyayinsu ya kora shanun bakin rijiyar burtsatse tun da ya ga hayaƙi. Bukka ɗaya ta ƙone, da shingen maruƙa. Seipone ta sauko tana ɗingishi, ta bi shanun tana kiran kowace da sunanta, sannan ta ce a ɗora ruwan shayi.