Wanda Ya Fita Ɗora Gahawa

Ma'aikatan laburaren tsibirai su bakwai ne, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa kwaɗayin zama wakilin shiyya. Aiki ne na jigila tsakanin ruwa da tudu. Sai ka kwana biyu a hanyar Zagreb, babban birnin ƙasar, saboda zaman awa uku a hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan laburare, ka dawo a gajiye kowa ya tare ka da ƙorafi, kamar kai ka hana a gyara masa rufi. Don haka tun zamanin na gabansu suka samo wa kansu mafita. Ranar zaɓe, duk wanda ya fara fita daga ɗakin taro, ko da fitsari ne ya kore shi, kafin ya dawo an ɗaga hannu an zaɓe shi. Ba a rubuce abin yake a kundin ƙungiya ba, amma ya fi duk abin da ke rubuce ƙarfi.

Zdenka ta faɗa wannan tarko ne shekara goma sha biyu da suka wuce. Tana sabuwar zuwa shiyyar, ta ga manya zaune baki a bushe, ladabi ya ɗebe ta ta ce bari ta ɗora musu gahawa. Ta dawo da tire aka tarbe ta da tafi. Duk zaɓen da ya biyo baya kuwa, sai a yi ta kallon-kallo har ita ta gaji ta tashi ta fita da kanta, tana mita tana cewa wannan ne na ƙarshe. Mitar baki ce kawai. Zdenka tana son aikin nan kamar ranta, ko da yake da wuƙa a wuya ba za ta amsa ba. Ita ta tsaya kai da fata har aka riƙa sa lokacin taron hedkwata daidai da zuwan jirgin ruwa. Ita ta kawo tsarin akwatunan sababbin littattafai da ke zaga tsibirai duk wata. A Zagreb in an hango ta da jakarta mai ruwan ƙasa, sai shugabanni su fara gyara zama.

Bana dai da gaske take. Ta aika wa kowa saƙo cewa ta sauka, dalili kuma gajiya. Mijinta Frane kaɗai ya san ba gajiya ba ce. Tun bara tsakiyar ganinta ta fara cinyewa, tana ganin gefe-gefe amma abin da ta zuba wa ido sai ya zama duhu, likita a birnin Split kuma ya gaya mata ba dawowa zai yi ba. Matar da ta yi shekara talatin tana miƙa wa mutane littafi, yanzu ko sunan da ke bango ba ta iya karantawa. Kunyar abin ta fi ciwon damunta.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga hedkwata: duk shiyyar da ba ta aiko da sunan wakili kafin ƙarshen wata ba, za a haɗe ta da maƙwabciyarta. Maƙwabciyarsu ita ce shiyyar tudu, mai mutum ɗari biyu. Bakwai a cikin ɗari biyu, ko tari suka yi ba za a ji ba, akwatunan littattafai kuwa sai dai a ba da labarinsu. Saura kwana uku wata ya ƙare aka kira taron zaɓe, jirgin da zai mayar da kowa gida kuma ƙarfe huɗu yake tashi.

A laburaren babban tsibiri aka zauna, kuma kowa ya zo da shirinsa. Barba Lovre, wato Kawu Lovre, dattijon cikinsu mai rubuta bayanan taro, ya sanar da alfahari cewa tun jiya da la'asar bai sa ruwa a bakinsa ba. Teta Perina, wato Gwaggo Perina, wadda ta ba saba'in baya amma ta ƙi ritaya, ta zo da filas biyu da busasshen ɓaure da bargon rufe ƙafa, ta kafa sansani a bakin taga. Wani ma wayarsa ya kashe, kada matarsa ta kira ya manta ya fita amsawa. A kujerar ƙarshe Dinka ce, mai kula da laburaren ƙaramin tsibiri, wanda ake buɗewa kwana uku a mako. Ta haura arba'in, amma har yau in an kira sunanta a taro sai kunnuwanta sun yi ja, ga shi ko a ruwa kwance jirgi yana juya mata ciki. Ita ba wanda ya sa a lissafi.

Aka gama batun rufin da ke yoyo, aka gama batun ɓeraye, aka zo kan zaɓe. Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya samu abin kallo a farcensa. Zdenka ta roƙe su, ta zage su, ta tuna musu ko waye ya cika wa wa takardun neman ƙarin girma, duk a banza. Har ƙarfe uku ta gota babu wanda ya ko gyara ƙafa. Ta san abin da suke jira: ta gaji ta fita kamar kullum.

Sai Barba Lovre ya ce shi fa bai yarda wasiƙar ta kai zafin da ake faɗa ba, ya san Zdenka da ƙara wa miya gishiri. A karanta musu su ji da kunnensu.

Ta shirya wa wannan. Da safe Frane ya karanta mata sau biyar har ta haddace, ta kuma lanƙwasa kusurwar takardar don ta gane ta da taɓi. Ta sa hannu a jaka, ta ji kusurwa a lanƙwashe, ta zaro. Ta miƙe, ta gyara tabarau, ta karanto tun daga kwanan wata har sa hannun sakatare, ba gargada ko ɗaya, har da ɗan tsayawa a inda ya kamata a tsaya. Ta gama tana jin daɗin kanta.

Shirun da ya biyo baya ba irin na ɗazu ba ne. Lovre, wanda ba a taɓa gama karatu bai yi gyara ba, bai ce uffan ba. Zdenka ta shafa takardar da babban yatsa, sai ta ji ta da santsi da kauri. Wasiƙun hedkwata ba su da santsi. Jadawalin jirgin ruwa ne, mai ƙaton hoton jirgi gaba da baya, wanda ta lanƙwasa tun watan jiya ta manta. Minti biyu cur ta yi tana riƙe da shi a gaban mutum shida masu ido.

Ta zauna a hankali. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Babu wanda ya yi dariya, wannan kuma ya fi dariyar ciwo. Teta Perina ta miƙo hannu ta janye takardar, ta ɗora filas a kai kamar dama abin da take nema ke nan.

Daga can ƙarshen tebur kujera ta yi ƙara.

"Bari in ɗora mana gahawa," in ji Dinka.

Perina ta ce, "Ke 'yar nan, ga filas har biyu."

"Taki ta huce, Teta."

Ba ta huce ba, kowa yana ganin tururi. Dinka ta ratsa ta bayan kujeru, ta buɗe ƙofa, ta fita, ta ja ta a hankali.

Da a ce Zdenka mai hankali ce a wannan lokacin, da ta zauna ta ɗaga hannu, shiyya ta tsira. Amma zuciya ce ta taso mata. A ce don tausayinta wannan baiwar Allah za ta jefa kanta, ta riƙa amai a jirgi sau shida a shekara, ta je Zagreb su cinye ta ɗanya? Ba a gabanta ba. Ta ture kujera ta bi bayanta, tana lalubar bango.

Ta same ta a ɗan kicin ɗin bayan kantocin jaridu, ta ɗora tukunya, ta kama bakin tebur da hannu biyu.

"Koma ciki tun ba su ɗaga hannu ba," in ji Zdenka. "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani, Yaya."

"Ba na son tausayi. In sadaka kike nema ki ba makafin bakin coci."

Dinka ta ce ba yau ta san da matsalar idon ba. Tun bazara ta lura saƙonnin Zdenka sun koma manyan haruffa kamar na littafin 'yan aji ɗaya. Ranar nan kuma a tashar jirgi ta tsaya a gabanta tana ɗaga hannu, Zdenka ta wuce ta sai da ta ji murya. Wata shida ke nan tana shirin tashi daga kujerar nan, ƙafafunta suna ƙi. Kuma ba tausayi ba ne. Shekarar da aka so rufe laburarenta saboda wai mutanen tsibirin ba su kai ɗari uku ba, wa ya kwashe tsofaffi goma sha ɗaya a jirgi ya kai su ofis da katinansu na aro a hannu? In shiyya ta mutu, nata ɗakin za a fara sa wa kwaɗo.

"Amma tsoro nake ji," ta ce. "In na tsaya gaban mutane harshena naɗewa yake yi. Karatu da rubutu ko nawa ne zan yi. Maganar ce."

Zdenka ta jingina da ƙofa. Faɗan da ta zo da shi ya bi iska. Abin da ko Frane ba ta gaya wa ba, sai ga shi yana fita a kicin mai warin tsohuwar jarida.

"Ni ma tsoro nake ji. Ba duhun ba, shi zan saba da shi. Wayar nan da nake zagi kullum, Lovre ya kira kan rufi, Perina ta kira kan ɓeraye. Ranar da ta daina ƙara, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

Dinka ta zuba garin gahawa, ta juya, ta sauke kafin ya tafaso ya zube. Daga ɗakin taro sai ga tafi, raf-raf-raf, har da buga tebur. Zdenka ta ce shi ke nan, sun yanka ki. Tafin ya lafa, can kuma ya sake tashi karo na biyu, ya ma fi na farko ƙarfi.

Dinka ta juyo. "Yaya, ke ma fa a waje kike."

Shekara goma sha biyu tana gargaɗin sababbin zuwa a kan ƙofar nan, yau ga shi ta fita da ƙafarta ba ta ko tuna ba.

Suka koma, Dinka riƙe da tire. Barba Lovre ya miƙe, ya yi gyaran murya irin ta ranar biki, ya karanta abin da ya rubuta. An zaɓi Dinka wakiliyar shiyyar tsibirai da hannu biyar, babu mai ja. Sannan kundin ƙungiya ya tanadi kujerar mataimakin wakili, wanda zai raka shi duk taro kuma yana da damar magana. Kujerar tana nan tun kafuwar shiyya ba a taɓa cike ta ba, don ba a taɓa samun wawaye biyu sun fita rana ɗaya ba. Yau Allah ya kawo. Da ya kai aya sai ya roƙi a yi maza a sa hannu, don shi kam ƙishi ya kusa kai shi lahira, ya ɗauki kofi ya shanye da zafinsa.

Zdenka ta ce ba su da kunya. Ta ce ai sun gani da idonsu, ba ta iya karanta ko layi ɗaya, me za ta je ta yi musu? Wannan ne karo na farko da ta faɗa da bakinta a gaban mutane, kuma rufi bai faɗo ba.

"Ku ji ta," in ji Teta Perina, tana naɗe bargo. "Yaushe kika taɓa cin mutanen Zagreb da karatu? Da bakin nan naki kike gama su, mu ma da shi kika ishe mu. Ita ta riƙe takarda, ke ki riƙe faɗa, har ta koya. In kuma jirgi ya juya mata ciki ki riƙe mata jaka."

Jirgi ya yi ƙugi daga tasha, saura minti goma sha biyar. Ɗaki ya hargitse da neman riguna da huluna. Dinka ta sa hannu a takardar da za a aika, ta turo wa Zdenka tare da biro.

Zdenka ta riƙe biron ta dubi takardar. Fari ne ta gefe-gefe, duhu a tsakiya. Watanni ta yi tana ƙirƙiro dabarun kauce wa irin wannan lokacin: ta manta tabarau, hannunta na ciwo, a bari sai ta je gida. Duk suna nan a bakinta. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata wuri ɗaya har ba ta san wanne ya fi ba.

"Dinka," ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "ba na ganin layin. Nuna min."

Dinka ta kama yatsanta ta ɗora a wurin. Zdenka ta rubuta sunanta, ya ɗan karkace ya hau sama, Lovre ya buga hatimi a kai haka nan.