Kunnen Ashiru

Can sama kan katakai, Ashiru ya manna kunne a gindin tankin, ya ƙwanƙwasa sau uku da ƙotar cokalin gini. Shaton ruwan, wato babban tankin da ake gina wa Madarunfa, ya tsaya kan ƙafafu shida, sai mutum ya dafe hula kafin ya ga ƙarshensa. Tsofaffi kan baro inuwa su zo su ɗaga kai suna salati. Shi kansa Ashiru, da ya zuba simintin da hannunsa, in ya dube shi sai tsigar jikinsa ta tashi.

Amma yau tankin ya amsa masa da murya a shaƙe.

A ƙasa, Maman, shugaban aikin, ya tara mutum goma sha biyu su cire itatuwan da suka tokare tankin. Injiniya Hasana ta zo daga Maraɗi, Maman kuwa yana so ta ga aiki ya yi nisa.

"Shef, simintin bai nuna ba!" Ashiru ya ƙwala daga sama. "Kwana tara kaɗai gare shi. In munka cire itacen ga, bisa mutane zai sabka."

Hasana ta hau da kanta, ta ɗora na'urarta, ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta dubi Ashiru da mamaki.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kunne ne kawai, madam."

Ta ba da umarni kada a taɓa ko ice ɗaya sai an cika kwana ashirin da ɗaya. Mutum goma sha biyu suka koma gida suka ci tuwo. Washegari Maman ya sallami Ashiru, don ya kunyata shi gaban injiniya.

*

Bai damu ba da farko. Magini irinsa ai nemansa ake yi. Sai dai a Safo aka tambayi sunansa, aka duba waya, aka ce an cika. A Maraɗi ma haka. Wani lebura ne ya raɗa masa cewa sunansa na yawo a wayoyin 'yan kwangila, da kalma biyu a gefe: mai baki.

Hatsin rumbu ya kusa ƙasa. Matarsa Barira ta ce, "Malam, suna sunka riƙe, ba su san huskarka ba. Ka tai Gabi ka ce Shu'aibu kake."

Ya ji kunya ƙwarai, amma ya tafi. Kwana uku Shu'aibu yana jera bulo, bai ce wa kowa uffan ba. A rana ta huɗu ya gifta ƙarƙashin wata sabuwar kankare, hannunsa ya ɗaga da kansa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafin ya farga, kunnensa na jikin bango.

Shugaban wurin ya aje shayinsa. "Kai ne na Madarunfa," ya ce. "Aje cokali."

*

Ranar da aka saki ruwa a Madarunfa, garin kaf ya fito. Ruwa ya sauko daga sama da ƙugi, mata na guɗa, wani tsoho yana ta hawaye yana cewa Allahu Akbar. Aka kira sunan Maman a lasifika, aka tafa.

Yanzu Ashiru amalanken jaki gare shi. Jarka goma yake cikawa a famfon gindin shaton, ya kai wuraren gini, mai gadi ya karɓa daga bakin ƙofa.

Wata safiya Barira ta zo ɗiban ruwa, ta tarar da shi rungume da ƙafar shaton, ido rufe. Ya ƙwanƙwasa da sandar jaki. Ginshiƙin ya amsa tangaran, sautin ya haura har sama.

"Mi ya ce?" ta tambaya.

"Ya nuna," in ji shi.

Jarka ta cika tana zuba. Ya rufe ta, ya ɗora, ya kaɗa jakinsa.