Kunnen Baƙo

"Ɗaure da kyau, Almustafa, kar su ce na leƙa," in ji Baƙo.

Ni na ɗaure masa ido da rawaninsa, a ƙofar gidansa a Akokan, bayan la'asar. Baƙo maƙwabcina ne. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar yuraniyom. Da aka rufe ramin, ya fito da tari, da wani garmaho da Bature ya bar masa. Ƙirji ya tafi, gwiwa ta tafi, kunne kaɗai ya rage masa abin taƙama. Kullum a fadar shayinmu cewa yake faifai shi ne shayin farko, waƙar salula kuwa na uku ce, ruwa da sukari.

Fatahu ɗan kabu-kabu, mai yawo da lasifika a kan babur, shi ya kawo shawarar gwaji. Waƙar gurmi ɗaya za a saka sau biyu, tsoho ya nuna wacce ce ta faifai.

Ta farko ta tashi da ƙaras-ƙaras ɗin allura. Baƙo bai ko jira ta biyu ba.

"Shi ne wannan! Kun ji nauyin gurmi? Salularku ba ta haihuwar wannan."

Fatahu ya faɗi ƙasa don dariya. Ashe tun jiya ɗan banzan ya naɗe faifan a salularsa, har da ƙarar allurar. Mu ma muka yi dariya, Allah ya yafe mana. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Baƙo ya fizge rawanin, ya ga allura a ɗage. Sai ya suri butar shayi daga kan garwashi ya kwaɗa wa Fatahu a fuska. Fatahu ya kurma ihu, fatar kuncinsa ta saɓule. Ya miƙe ya cafko faifan ya karya shi a gwiwa.

"Ga shayin farkonka, tsoho!"

Baƙo ya shaƙe shi. Kafin mu shiga tsakani Fatahu ya hankaɗa shi, ƙeyarsa ta daki ƙarfen da ke riƙe da rumfa. Har yau ina jin wannan ƙarar.

Jini ya biyo ta kunnen Baƙo. Wani ya ruga neman mota. Na ɗora kansa a cinyata, idonsa a rufe.

"Almustafa," ya ce a hankali, "saka mini faifaina."

Na dubi gutsattsarin da ke cikin yashi, na dubi Fatahu. Yana kuka, ya danna salular.

Ƙaras-ƙaras ta tashi, gurmi ya biyo.

"Yauwa," in ji Baƙo. "Shi ne."

Bai kai ƙarshen waƙar ba. Lokacin da motar ta iso, farantin garmahon na nan yana ta juyawa, ba komai a kansa.