Kaciyar Hadi

Alhaji Yahuza ya ce babu likita a babban asibitin Birnin Kudu da bai ci tuwo da shi ba. A tsakar gidansu na Zandam ya faɗa, yana gyara zaman tabarau. Kemis gare shi a Gwaram, don ƙanƙanta mutum biyu in suka shiga sai ɗaya ya fito, amma Dakta ake ce masa, kuma yana amsawa.

Ran nan Ɗanbala wanzami ya zo yi wa yaran gidan kaciya. An gama da biyu, suna ɗaki suna ta ihu. Saura Hadi, ɗan Jafaru ƙanin Yahuza.

Munawwara, uwar Hadi, tana bakin madafa riƙe da muciya, ba ta tuƙa komai. Hadi ɗan fari ne. A gidan nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle ta sa baki a kansa gaban wan miji. Ko faɗuwa ya yi, kai take kawarwa, wata ta ɗaga shi.

Amma ta san abin da aka gaya mata. Tun haihuwa ƙofar fitsarin yaron ba a inda ta kowa take ba, tana can baya, wandonsa ba ya bushewa. Da damina, Jafaru yana daji da shanu, ta kai shi Birnin Kudu. Aka duba, aka ce yanzu ana gyara irin wannan: da fatar kaciyar ake naɗa sabuwar hanya, a sa siririyar roba a ciki har ta warke. Aka sa musu rana bayan girbi. Abu ɗaya aka ja mata kunne a kai: kada a yi masa kaciya. In fatar ta tafi, sai an yanko wata daga cikin kumatunsa, aiki ya ƙara wuya.

Ta gaya wa Jafaru. Jafaru ya gaya wa yayansa. Yayansa ya yi dariya.

Yanzu ga shi Yahuza da kansa ya riƙo Hadi, ya zaunar da shi bakin ramin da aka tona. Jafaru yana can gefe ya ba da baya, yana kwance igiyar maraƙi yana sake ɗaurewa. Shi ma kunyar ɗan fari.

Ɗanbala ya duƙa ya duba, ya ɗago. "Dakta, ni fa ban taɓa ganin irin wannan ba."

"Kai ne ba ka gani ba. Simpul kes ne. Fata ce ta toshe hanya, da an cire shi ke nan. Yi aikinka."

Ɗanbala ya ce to. Ya zaro aska, ya goga a tafin hannu. Hadi ya waiga yana neman uwarsa, bai yi kuka ba tukuna.

"Yaya."

Matan gidan suka juyo gaba ɗaya. Munawwara kanta ba ta san lokacin da ta baro madafa ba.

Surukarta ta ce, "Ke! Ɗan farin naki? Koma ciki."

Ba ta koma ba. Idonta a ƙasa, ta ce, "Yaya, a asibiti an ce kada a taɓa shi."

Yahuza ya yi murmushi irin na wanda yake fama da jahilai. "Na ji wannan zancen. Shi ya sa na tashi takanas na je na sami likitan da ya duba yaron. A ofis ɗinsa muka zauna, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi. Ya ce, Dakta Yahuza, ai kai ne babba, ku yi kaciyarku kawai."

"Wanda ya duba shi?"

"Shi ɗin. Ɗanbala, rana na yi."

Ɗanbala ya matso, ya ce bismillah.  Muciyar na hannun Munawwara har yanzu, ta ƙara damƙe ta.

"Yaya, ka tabbata shi ne?"

"Ikon Allah! Yarinya, ina ce miki tare muka yi la'asar? Shi ma ya ja mu sallar. Ga ƙira'a, ga gemu har nan." Ya saki kafaɗar Hadi ya nuna ƙirjinsa.

Jafaru ya saki igiya, ya juyo. Bai dubi ɗansa ba, matarsa ya duba.

"Ke kika je. Haka yake?"

Munawwara ta ce, "Mace ce. Da tsohon cikinta ma."

Ɗanbala ya dubi tabarau ɗin Dakta, ya ninke askarsa, ya mayar cikin zabira.