Ƙugun Dama ko na Hagu

Babur ne ya kayar da Malam Mu'awiyya a hanyar Makarfi, ran da ya kauce wa amalanken rake ya faɗa rami. Damtsen hannunsa na dama ya karye. Maɗori ya ɗaure shi da kara, ya ce kwana arba'in. Aka yi wata bakwai hannun na lilo kamar ba nasa ba.

Malam limami ne a Taba, kuma da hannun nan yake rubuta Alƙur'ani da tawada, irin yadda mahaifinsa ya yi. Tun ranar bai ƙara riƙe alƙalami ba. Matarsa Hussaina ce ta matsa har suka je asibiti a Zariya.

Likitan ƙashi, Dakta Sadiƙ, ya ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ya nuna musu.

"Allah gafarta Malam, bakin ƙashin nan biyu sun daina neman juna. Sai an ɗebo ɗan ƙashi daga wani wuri a jikinka an cike tsakaninsu, a ɗaure da ƙarfe. Naka ya fi kamawa, don jiki ba ya ƙin abinsa."

"Daga ina?"

"Daga ƙugu, inda mazagin wando ke zama. Na fi son na dama. Ciwo ya taru gefe ɗaya, ka samu ɗayan na kwanciya."

Malam ya gyara rawani da hagu. Mutum ne da ya yi shekara talatin ana tambayarsa, ba a saba gaya masa ba.

"Likita, a dama ake kwanciya. Sunna ce. Ni nake koyar da ita."

"To, na hagu."

"A hagu nake zaman tahiya. Sau nawa a rana? Ka lissafa."

"Malam, gaban ƙugun za mu taɓa, ba wurin zama ba."

"Duk gida ɗaya ne."

Dakta Sadiƙ ya yi karatu a ƙasashe biyu, amma babu inda aka koya masa wannan. Ya ce akwai kuma ƙasan gwiwa, ko da yake abin da ake samu a wurin bai kai na ƙugu ba.

"Da me zan yi sujada? Da kunne?"

Malam ya miƙe yana neman takalminsa. Ya ce hannun da Allah ya karɓa ya karɓa, ba za a rushe masa ɗaki don a gyara zaure ba. Hussaina ta san idan ya fita ƙofar nan ba zai dawo ba, hannun kuma ya tafi ke nan. Ba ta saba magana a gabansa cikin baƙi ba. Ta ja mayafinta ta dubi likita.

"Likita, in yi tambaya? Wanda bai kwana a dama, me zai rasa in an ɗiba a can?"

"Wa kike nufi?" in ji Malam.

"Malam, shekara talatin da ɗaya da aurenmu. Kana kwanciya a dama, gaskiya ne. Ka yi addu'a, ka tofa, ka shafa. Kafin in kashe fitila ka juya hagu, ka fuskanci bango, ka tafi da bargon gaba ɗaya. A haka asuba ke samunka."

"Ban taɓa ba!"

"Ta ina za ka sani? Barci kake."

Dakta Sadiƙ ya sunkuya yana neman wani abu a aljihun tebur, ya daɗe bai same shi ba. Kafaɗunsa kawai ke rawa.

Malam ya koma ya zauna. Ya dubi matarsa kamar yau aka kawo ta.

"Kullum?"

"Har ran da muka kwana a gidan yayarka a Ikara."

"To," ya ce a hankali, "ai abin da aka nema shi ne farawa. Mai barci an ɗauke masa alƙalami. Likita, kwana nawa zan yi ban fara da dama ba?"

"Mako uku ko huɗu. Bayan nan ka fara da inda kake so."

"Lalura ce. A ɗiba a dama. Amma kaɗan."

"Kamar ɗan yatsa biyu."

"Na wa? Naka ko nawa? Naka sun fi kauri."

Aka yi aikin ranar Talata. Ƙugun ya fi hannun ciwo a makon farko, kuma Malam ya tabbatar duk wanda ke ɗakin ya sani. Bayan wata huɗu hoto ya nuna ƙashin ya haɗe, ya fara murza yatsunsa yana ɗaga buta da kansa.

Masu zuwa dubiya daga Kudan da Gazara sukan tambaye shi yadda aka zaɓi wurin. Yakan ce mas'ala ce mai zurfi, sai da ya auna ta ta fuska uku kafin ya ba likita fatawa. Hussaina na jin su daga tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta taɓa gyara masa ba. Ta dai sayi bargo na biyu.