Ranar da Na Tsallake Manyan Baƙi

Ni aka zaɓa in yi jawabin godiya ranar raba kyaututtuka, don duk cikin malamai muryata ce ke kaiwa ƙarshen zauren taro. Shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malama, abin ba wuya. Ki gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa, ki yi godiya, ki sauka. Kada ki kawo mana maganar bangon nan."

Bangon ajina yake nufi. Ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna na shiga tsagar. In babbar mota ta wuce, ƙasa ke zubowa kan littattafan yara. Na kai ƙara har na gaji, kullum sai a ce ana dubawa. Ga damina ta ƙarato.

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ji kam na ji.

Na san halin taronmu. Mai jawabi kan ƙarar da lokacinsa wajen jera muƙamai, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi mai gabatarwa ya matso yana nuna masa agogo. Sai na yanke shawara: sallama ɗaya ga kowa, daga nan bango. Na rubuta, na yi ta ragewa, har maganar ta zauna a bakina ba takarda.

A tsakar gida na yi gwaji, ludayi a hannu, Yaya na gyaran babur ɗinsa.

"Ƙanwata, wa ya biyo ki da sanda? Rage gudu mana."

"Yaya, ka ji da babur ɗinka."

"Ni ne jama'arki yau, dole ki ji. In kin ce ya tsage, ki yi shiru, ki bari ta shige su. Kuma ki daina kallon ƙafarki, ba ita ta zo taro ba."

Inna ta ajiye wankin da take yi. "'Yar nan, maganar bango za su iya yafe miki. Amma babba ya gyara zama yana jiran sunansa, ki wuce shi?"

"Inna, in ya faɗo kan yaran, sunan wa zan kira?"

Ta ci gaba da wankinta.

Ranar taro zaure ya cika. Aka kira ni, na karɓi makirufo. Na tsallake layin gaba da idona, na dubi iyaye a baya.

"Assalamu alaikum, iyaye da baƙi baki ɗaya. Bangon ajin da 'ya'yanku ke zama ya tsage."

Na yi shiru. Shugaban hukumar makarantu, wanda ya riga ya gyara hula, ya juya ya kalli shugabanmu. Mai gabatarwa ya matso yana murmushin dole.

"Malama, manya tukuna, manya."

Ban kula shi ba, sai aka kashe lasifika. Na ajiye makirufo na ci gaba da muryar da nake tsawata wa aji. Na faɗi faɗin tsagar, na faɗi inda ƙanana ke zama a gindinta. Wata uwa ta miƙe da goyo.

"Wane aji ne, Malama?"

Na faɗa mata. Ta fita, wasu suka bi ta, aka bar manya da kyaututtuka a kan tebur.

Washegari aka kwashe yaran zuwa zauren taro, aka ɗaure ƙofar ajin da waya. Ni kuma aka ce na yi wa baƙi rashin ladabi. Bango ko sau ɗaya ba a ambata ba. Aka ba wani malami ajina, aka tura ni ɗakin ajiyar littattafai. Abokan aiki suka sa min suna Malama Bango, in na shiga ɗakin malamai hira ta mutu.

Shugaba ya ce in na je na ba baƙin haƙuri zan koma aji. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Amma ba zan ce babu ciwo ba. Daga inda nake ina jin ana koya wa yaran lissafin rabawa da sauri, na kuma san waɗanda aka bari a baya.

In an tashi hutun tara yaran sukan zo su leƙo ta taga.

"Malama, yaushe za ki dawo?"

"Ku wuce, an kaɗa ƙararrawa."